Itacen Jegon Saude

Ranar da Saude ta cika kwana talatin da bakwai da haihuwa, a ranar saƙo ya iso Roni daga Gwiwa cewa dangin mijinta za su zo jibi su karɓi yaron.

Tana zaune a bakin gado tana ba shi nono uwarta ta shigo ta faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Matse shi ta yi a ƙirji, har ya saki nonon ya tsala kuka.

Wata biyar ke nan da rasuwar mijinta Lauwali. Shekarar ce da kuɗin mai suka cika ƙasa, duk saurayi mai ƙarfi ya ɗaura jaka ya nufi Ikko dakon siminti. Lauwali ya bi su bayan an kai amfanin gona gida. Ya ce rani ɗaya kawai zai yi, ya dawo ya rufa mata ɗaki da kwano. Motar da ta ɗauke su ba ta kai ba. A can hanya aka binne shi, hularsa kaɗai aka kawo mata.

Da tsohon ciki ta dawo gidan uwarta, Inna Dela, ta haifi namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa, ana kiran sa Audi, tun da bai tarar da uban a duniya ba. Ita kuwa ba ta kiran ko ɗaya. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta. In da mutane a ɗakin, ko kallon kirki ba ta yi masa, sai an ce, "Ke karɓi ɗan nan ki ba shi ya sha," sannan ta miƙa hannu tana kawar da kai.

Amma da zarar ɗaki ya zama daga ita sai shi, sai ta buɗe zanen ta ƙirga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta shinshina wuyansa. Ta shafa kunnen nan mai lanƙwasa a sama, irin na ubansa sak, ta ce a hankali, "Kai ma haka za ka riƙa jin magana rabi-rabi?"

Jego a bazara ba wasa ba ne. Da asuba Inna Dela za ta tashe ta, ga tukunya tana tafarfasa, ta tsoma ganyen runhu ta riƙa fyaɗa mata ruwan a baya da ciki, Saude na cije leɓe. Da la'asar a sake. Tsakanin wanka biyun nan kuwa sai kunun kanwa, sai wankin tsummoki, sai jijjiga. Yaron ya mai da rana lokacin barci, ita kuma idonta kullum kamar an zuba barkono. Wata rana ta yi gyangyaɗi da ludayi a hannu, kunu ya zube mata a cinya, ta farka tana kuka tana dariya.

Duk wannan wanka da itace ake yin sa, itace kuma ba kaɗan ba. A al'ada miji ne ke tara shi tun ciki na wata bakwai, in babu shi danginsa su kawo. Inna Dela ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji, ƙuli-ƙuli take sayarwa.

Daudu, ƙanen marigayi, shi ya zo da kayan jegon. Ya samu kwangilar kai yashi a Kazaure, ya sayi babur, ya sayi agogo. Ya sauke risho sabo fil da galan na kananzir, da gwangwanin madara, da bulumboti.

"Inna, zamanin hayaƙi ya wuce," in ji shi. "Murɗawa kawai za ki yi."

Inna Dela ta dubi rishon, ta dubi tukunyar jegon da mutum biyu ke kamawa.

"Ɗan nan, wannan abin naka ko ƙwai ne sai ya yi haƙuri kafin ya dahu. Amma an gode, Allah Ya ƙara buɗi."

Sai ga shi tun washegarin haihuwa, kullum da asuba, Inna Dela na buɗe ƙofar baya za ta tarar da dami biyu a jingine da darni. Marke ne busasshe, an faskara shi daidai murhu, ga garwashi mai daɗewa. Ta ɗauka mutanen Gwiwa ne suka gyara kuskurensu suna jin nauyin faɗa. Ta yi ta sa musu albarka.

Ranar kwana goma tana kwashe toka ta ci karo da wani guntun ƙarfe, lanƙwasasshe, wuta ta cinye itacen da ya haɗiye shi ta bar shi. Ta goge shi ta sa a ƙarƙashin zanen da yaron ke kwanciya, wajen kansa.

"Ƙarfe dai ƙarfe ne," ta ce. "Shi ma zai kori iska. Ba ni wuƙata, na gaji da yanka albasa da farce."

Bayan kwana ashirin da shida itacen ya canja. Marke ya ƙare, sai sabara da kalgo, ƙanana, masu hayaƙi. Inna Dela ta ce, "Mai kyautar nan ya fara talaucewa." Amma dami biyun bai taɓa fashi ba.

Mata masu sammakon rijiya ne suka gan shi. Haladu ne da jakinsa.

Kowa a Roni ya san Haladu. Manomi ne, mai ƙarancin magana, aminin Lauwali tun suna haɗuwa a kasuwanni. Kowa kuma ya san shi ya fara tsayawa a ƙofar gidan su Saude, kafin ya gane abokinsa ma ita yake so, ya janye ba da hayaniya ba, har ya yi masa abokin ango. Shekara uku ke nan, bai nemi kowa ba.

Kafin rana ta yi tsaka magana ta zaga gari. Itacen jego ai uban ɗa ke kawowa. Wani ya ce a dubi yaron da kyau. Wata ta ce ko kabarin bai bushe ba. Ranar kasuwa maganar ta hau mota ta sauka a Gwiwa.

"Me suka ce, Inna? Faɗa mini duka," in ji Saude, tana jijjiga yaron.

Inna Dela ta zauna a kan turmi da ta kife a bakin ƙofa.

"Sun ce yaro nasu ne, ba sa tantama. Amma ba za su bar shi a gidan da wani ƙato ke yi wa uwarsa hidimar miji a ɓoye ba. Ko dai ki koma Gwiwa a ɗaura miki aure da Daudu a toshe bakin mutane, ko su tafi da shi a ba shi madarar gwangwani."

"Kwanansa talatin da bakwai, Inna!"

"Na sani, ni na yanke cibiyar."

"Ko ruwa bai iya sha da kyau ba. In ya yi kukan ciki wa ya san yadda ake kifa shi a cinya? Daudu?"

"Ke dai ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Kin san shi ne?"

Saude ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa ganin sa ba. Amma na san tarinsa. Tun kwana na huɗu na gane."

"Kika yi shiru."

"In na faɗa za ki hana. In kin hana, da me za ki dafa ruwan? Da ƙyauren ɗaki?"

Inna Dela ta tashi ta hura wutar la'asar, da itacen da ya jawo musu magana, don babu wani.

Washegari da aka idar da sallar asuba, kafin uwarta ta fito daga ɗaki, Saude ta saɓa yaron a kafaɗa ta lallaɓa bayan gida. Mai jego ba ta fita, ba ta kuwa fita ba. Ta tsaya ta cikin darni. Ta ji takun jaki, ta ji an sauke dami na farko.

"Malam Haladu."

Ya ce, "Na'am. Ina kwana, mai jego? Ya ruwan zafi?"

"Ruwan zafi da sauƙi a kan abin da ka jawo mini."

"Na ji abin da ake faɗa."

"Ba ka ji duka ba. Gobe za su zo su tafi da shi."

Ta ji igiyar ta suɓuce daga hannunsa, itacen ya watse a ƙasa.

"Su tafi da wa?"

"Da wa kake tsammani? Da jakinka?" Ta gyara yaron a kafaɗa. "Me na yi maka? Ka bar ni lokacin da nake budurwa, ba wanda ya kore ka, ban ce komai ba. Na zauna da abokinka, na so shi, Allah Ya sani na so shi. Ya tafi ya bar mini abu ɗaya tak a duniya. Shi ne kai kuma za ka zo da asuba kamar ɓarawo ka sa a raba ni da shi?"

"Saude..."

"Kada ka kira sunana. Da ka zo da rana ka yi sallama ka ce ga sadaka, wa zai ce uffan?"

"Ba sadaka ba ce."

"To mene ne?"

Yaron ya motsa, ya fara neman nono a wuyanta.

"Akwai magana a bakina," Haladu ya ce. "An rantsar da ni kada in faɗe ta. Ko na karya rantsuwar ma ba mai gaskata ni, don wanda zai shaide ni ba ya nan. Za a ce na ƙirƙira ne in wanke kaina."

"Ni ban gane wannan zagaye-zagayen ba."

"Surukarki Goggo Shatu za ta zo?"

"Ita ce kan gaba."

"To in sun zo a aika a kira ni. In zan faɗa, a gabanta zan faɗa. Ba zan bari a ɗauke miki ɗa ina numfashi ba."

"Numfashinka me ya taɓa tsare mini?" ta ce, tana share hawaye da gefen zani. "Kwashe itacenka ka tafi."

"Saura kwana biyu ki yi arba'in. Ba za ki ƙarasa da ruwan sanyi ba."

Ta ji yana tattara itacen ɗaya-ɗaya, ya jingine, ya ja jakinsa. Ta tsaya har takun ya ɓace. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, duk da fushin, zuciyarta ta ɗan yi sanyi da ta ji muryarsa.

Da hantsi washegari aka ji ƙarar babur. Daudu ya tsaya a zaure. Goggo Shatu, uwar marigayi, ta shigo ciki ita kaɗai.

Doguwar mace ce, busasshiya, mai ƙarancin dariya. Lauwali ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ko ranar da aka kawo hularsa, ɗaki ta shiga ta rufe, ba wanda ya ga hawayenta.

Saude ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Goggo ta amsa a gajarce, ta leƙa fuskar jaririn da ke barci a kan gado.

"Kai maigida, haka ake yi? Amarya ta taso tun daga Gwiwa, ko cefane ba ka bayar ba kana minshari?"

Inna Dela ta yi dariyar yaƙe. Aka kawo ruwa, aka gaisa.

"Dela, ba faɗa na zo yi ba," in ji Goggo. "Kin ji saƙona. Yarinya, ke nake saurare."

Saude ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gaban surukarta ba. Ta kafa ido a tabarma.

"Goggo, ki gafarce ni. Daudu ƙanena na ɗauke shi. Ni nake ɗebar masa tuwo in ya dawo, ni nake masa tsiya a kan 'yan mata. Ba zan iya zama matarsa ba."

"Wancan mai jakin fa? Shi za ki iya?"

"Ban taɓa sa shi ba. Ban taɓa karɓar ko tsinke daga hannunsa ba."

"Amma kin yi wanka da ruwansa kwana talatin da tara."

Saude ta fashe da kuka. "Na yi. Ki dake ni, ki zage ni, ki sa a yi mini duk abin da kika ga dama. Amma ki bar mini shi ya sha nono. Ko yaye ne ki bari a yi. Goggo, ke ma kin haifa. Ke ma an ɗauke miki."

Fuskar Goggo ta motsa kaɗan, ta koma yadda take.

"Don an ɗauke mini ne ba zan bar wannan ya tashi ana nuna shi da baki ba. Dela, haɗa masa tsummokinsa."

Ta miƙe ta sa hannu biyu ta ɗauki yaron da zanensa. Wani abu ya zame ya faɗi a daɓe, ƙwal.

Goggo ta dubi ƙasa. Ta miƙa wa Inna Dela yaron ba tare da ta kalle ta ba, ta sunkuya ta ɗauki guntun ƙarfen. Ta juya shi. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta sa farce ta kankare baƙin.

"Ina kuka samo wannan?"

"A toka," in ji Inna Dela. "Cikin itacen ya fito."

"Wane itace?"

"Na jegon. Marke ne."

"Bakin laujen ubansu ne," Goggo ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ga tsaga uku da maƙeri ya yi masa. Ranar da ya karye ni na kafa shi a jikin marken gonata ina rataya gora, yau shekara ashirin. Itacen ya haɗiye shi. Iskar ƙarshen damina ta kayar da marken, na ce a bari ya bushe. Da na koma, kututture kaɗai na tarar."

Daudu, da ke jin komai daga zaure, ya ɗaga murya.

"Ashe ba neman matar mutane kaɗai ya iya ba, har da sata! Goggo, yau a gaban alƙali zai kwana."

Inna Dela ta yafa mayafi ta fita da kanta, ba ta daɗe ba ta dawo da Haladu a bayanta.

A zaure aka zauna. Goggo a kan tabarma, Daudu a tsaye yana kaɗa makullin babur, Haladu a durƙushe ya cire hula. Saude ta laɓe a bayan ƙyauren cikin gida, yaron a ƙirjinta, tana jin bugun zuciyarsa a kan tata.

Goggo ta ajiye ƙarfen a gabansa.

"Kai ka sare mini marke?"

"Na kama, Goggo. Amma ba ni na fara sa gatari ba."

"Wa ya fara?"

"Lauwali."

Daudu ya yi tsaki. "Na san za a zo nan. Wanda ya mutu ai ba ya musu."

"Rufe mini baki," in ji Goggo. "Kai kuma ci gaba."

"Sati biyu kafin ya tafi ya zo ya same ni. Ya ce matarsa na da ciki, a Roni za ta haihu, yana tsoron kada haihuwa ta zo bai dawo ba. Na ce ai danginka za su kawo itace. Ya ce ya sani, amma yana so ruwan da za a fara yi wa ɗansa wanka ya zama shi ya sare itacen da hannunsa. Kwana uku muna faskare, muna kwasowa da jakina, muka tara a bayan ɗakina. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ke musamman."

"Don me ni?"

"Ya ce ɗan fari ne. In kika ji yana rawar jiki a kan cikin fari har yana satar itace, da wane ido zai dube ki? Ya ce ke shekara ashirin da bakwai kina jin kunyarsa, shi ba zai kasa yi miki ta wata tara ba."



"Kowa zai iya tsara wannan," in ji Daudu, amma muryarsa ta rage ƙarfi.

"Haka ne," Haladu ya ce. "Saura abu ɗaya da ya ba ni labari yana dariya. Ya ce ranar da kika dawo daga gona kina zagin ɓarawo, yana zaune yana cin tuwo. Kin ce Allah Ya sa hayaƙin ya cika masa ido, ya ce amin. Kin ce Allah Ya sa kunamar cikin ɓawon ta same shi, ya ce amin. Ya ce har kika juyo kika ce wa Daudu, ka ga wanda ya san zafin uwarsa, kai kana nan kana goge agogo."

Makullin babur ya daina kaɗawa.

Goggo Shatu ta dafe ƙasa da hannu biyu.

"Na yi masa baki," ta ce. "Ashe ɗana na yi wa baki, ya hau mota."

"A'a, Goggo. Ya faɗa mini ƙarshen. Ya ce da kika gaji kin zauna kina kwance ɗankwali, sai kika ce, in dai mai jego za a dafa wa ruwa da shi, na yafe duniya da lahira. Ya ce ran nan ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba."

Tsohuwar ta ɗauki ƙarfen ta riƙe a tafin hannu.

"Lauwali," ta ce.

Sau ɗaya ta faɗa. Daudu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. A bayan ƙyaure Saude ta zame ta zauna a ƙasa. Kwana ashirin da shida tana ihu a ranta saboda zafin ruwan nan, ashe hannun mijinta ne a bayanta. Ta cusa fuska a wuyan yaron ta yi kukan da ba ta samu yi ba tun ranar da aka kawo hula.

Da Goggo ta share fuska, sai ta koma Goggon da aka sani.

"Marke ɗaya ba ya kai arba'in, wanka biyu a rana. Dela?"

"Ran ashirin da shida ya ƙare. Daga nan sai sabara da kalgo, duk sun kashe mini ido."

Goggo ta juya ga Haladu. "Su ma amana ce?"

Zai iya cewa e. Ba mai ƙaryata shi.

"A'a, Goggo. Wannan ba wanda ya sa ni. Nawa ne."

"Don me?"

"Don ina son ta. Tun kafin ya gan ta nake son ta, shi ma ya sani. Da yana raye ko inuwarta ban taka ba. Yanzu ma ban ce mata komai ba, kuma ba ta san komai ba. In akwai laifi, nawa ne ni kaɗai."

"Kin ji ko!" Daudu ya juyo, idonsa jajir. "Goggo, matar Yaya ce. Ni na fi kowa haƙƙi, kuma ban janye ba. Sai na kai maganar gaban su Baffa."

"Kai ta duk inda ka ga dama. Kai da aka ce ka kawo itace ka kawo fitila." Ta ɗaga murya. "Yarinya, na san kina nan. Ba sai kin fito ba. In amsarki a'a ce, ki buga ƙyauren nan sau ɗaya, in sallame shi yau, kada ya ƙara bin bayan gidan nan."

Saude ta dubi ƙyauren. Ta dubi hannunta. Ta ɗauke hannun ta sa shi a ƙarƙashin yaron, ta riƙe da kyau.

Aka jira. Kaza ta wuce ta tsakar gida. Ƙyaure bai yi ƙara ba.

"To," in ji Goggo. "Maigidana zai zauna wurin uwarsa ya sha nononsa. Wanda ya ƙara cewa a dubi kamanninsa, a turo mini shi Gwiwa in nuna masa kunnen. Maganar aure kuwa babu ita sai an yaye shi, ba na son a ɓata masa nono. Shekara biyu. Za ka iya jira?"

"Na jira uku ba wanda ya ce in jira, Goggo."

"Baki gare ka ashe." Ta miƙe, ta ɗaure guntun laujen a bakin zaninta, ta sake kwancewa ta miƙa wa Inna Dela. "Mayar masa wajen kansa. Na kakansa ne, ubansa ya aiko masa."

A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayo.

"Kai mai jaki. Gobe arba'in, akwai sauran wankan la'asar. Ka kawo itacen ta ƙofar gida, rana tsaka, ka yi sallama da ƙarfi kowa ya ji. In an tambaye ka, ka ce uwar Lauwali ce ta aiko ka."

Sau uku Daudu ya taka babur kafin ya tashi.

Washegari, rana na tsakiyar ka, Saude na zaune a ɗaki an yi mata kitso, an sa mata lalle, yaron a cinyarta. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, na farko a shekarar. Sai ta ji sallama daga zaure, da ƙarfi, har sau uku, kamar mai shelar ɓatan akuya. Jakin ma ya taya shi.

"Oh ni Dela," uwarta ta ce daga tsakar gida. "An ce ka yi da ƙarfi, ba a ce ka tashi matattu ba. Shigo da shi!"

Audi ya zabura da kukan jakin, ya ware ido. Saude ta zaci kuka zai yi, ta fara jijjiga shi. Sai bakin nan da babu haƙori ko ɗaya ya buɗe, ya yi mata murmushi, na farko tun da ya zo duniya.

Inna Dela na tsaye a bakin ƙofa da dami a hannu, tana kallo. Saude ta gan ta sarai. Ba ta kawar da kai ba.